Kulu Mai Fura Ba Nono

Duk wanda ya zauna a unguwarmu, can bayan kasuwar Daura, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, ya san Kulu matar Badaru. Gajeruwa ce, baƙa, mai wushirya, kuma ba ta iya tafiya a hankali ba. In ta gaishe ka ta wuce, ƙamshin citta da kanumfari ne zai tsaya maka a hanci. Ni sai da aka kawo ni gidan miji, katanga ɗaya tsakaninmu, na san ta. Abin da ya faru kafin zuwana kuwa daga bakinta na ji shi, muna zaune muna ɓarar gyaɗa.

A garin Babban Mutum aka haife ta, gidan manoma. Ubanta bai taɓa mallakar saniya ba. Nono sai ranar kasuwa, nama sai Sallah. Kakarta ce ta rene ta, tsohuwar da ta san abin da za a yi da gero, da wake, da gyaɗa, da riɗi, da aya, ta kuma san ranar da kowace bishiyar tsamiya da kuka da ɗinya ta garin ke nuna. A hannunta Kulu ta koyi dakuwa da kantu da kunu iri-iri. Dakuwar ce ma ta haɗa ta da Badaru. Ya zo sayen shanu ranar kasuwa, ya saya ya ci, mako ya zagayo ya sake dawowa, a zuwa na uku bai ko kalli shanun ba.

Gidan Badaru gidan fatauken shanu ne tun kaka da kakanni. Man shanu a tukunya yake, nono kuwa kowace safiya Fulani ke kawowa. Ranar da Kulu ta fara girki ta yi ɗanwake, ta zuba masa man gyaɗa da yaji yadda ta saba. Uwar mijinta, wadda kowa ke kira Goggo Nana, ta ɗaga kwanon ta sansana, ta ajiye.

"Yarinya," in ji ta, "nan gidan ba a cin abinci da man gyaɗa. Ga tukunya can, ɗebi yadda kike so."

Kulu ba ta yi musu ba. Ta naɗe abin da kakarta ta koya mata ta ajiye a zuci, ta koyi girkin gidan. Shekara goma sha ɗaya tana haka, ta haifi 'ya'ya uku.

Sai fari ya zo. Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama. Shanun Badaru suna arewa, hayin iyaka, a hannun makiyaya. Da labarin mutuwar dabbobi ya yi yawa, ya ɗauki sanda da gora ya bi sawu. Kwana arba'in ya yi. Ya dawo da shanu uku daga garke guda, su ma ƙashi da fata, kuma ba wadda ta kai sati a cikinsu.

Daga nan Badaru ya zama mutumin zaure. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya hira, masallaci kawai ke fitar da shi. Da can kowace hantsi sai ya sha fura da nono kafin ya fita. Yanzu nono ya ɓace a gari, in an dama masa furar da ruwa sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture ƙwaryar. Kulu tana ganin wuyan rigarsa yana ƙara faɗi a jikinsa.

Wata safiya ta ɗauko gyaɗar da ɗan'uwanta ya aiko mata daga gida. Ta ɗan gasa ta sama-sama, yadda ɓawon zai saki ba tare da ta yi ja ba, ta murje ta fece. Ta niƙa a dutse, ta zuba ruwa ta tace da farin ƙyalle, ruwan ya fito fari tas. Ta tafasa shi ya huce. A wata ƙwarya dabam ta jiƙa garin 'ya'yan kuka, ta tace, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a ruwan gyaɗar tana juyawa, har ya yi kauri ya ɗauki tsami. Ta dama fura a ciki, ta kai zaure da kanta.

Badaru ya leƙa ƙwaryar, ya ɗago kai.

"Kulu, wa ya ba ki nono a garin nan?"

"Sha dai tukuna, Maigida."

Ya ɗebi ludayi ɗaya, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Wannan ba nono ba ne. Tun ina rarrafe nake shan nono, ba a ruɗa ni."

"Ai ban ce nono ba ne. Gyaɗa ce da kuka. Haka muke sha a gida."

Ya sake duban ƙwaryar. Ta koma ciki. Da ta dawo ɗaukar ƙwarya ta tarar da ita fayau. Har ta juya za ta tafi, ya kira ta.

"Gobe ki rage tsamin."

Ta ce mini tun dawowarsa, wannan ne karo na farko da ya ambaci gobe.

Bayan daminar da ta biyo baya, wadda ta ɗan yi dama-dama, aka sa ranar auren Auta, ƙanwar Badaru. Goggo Nana ta so a ɗaga. Ba kuɗin kayan ɗaki ne ya dame ta ba, gara ce. Gidan da aka sani da nakiya mai ɗigar man shanu, a ce an kai 'yarsa ba nakiya? Ta gwammace a jira.

"Goggo," in ji Kulu, "a ba ni kwana uku. In bai yi miki ba, sai a ɗaga."

Tsohuwa ta kawar da kai, wanda a wurinta izini ne.

Kulu ta wanke shinkafa ta shanya, ta daka ta tankaɗe, ta soya garin a tukunya busasshiya har ya yi ƙamshi. Man gyaɗar ta ɗora shi a wuta da citta da kanumfari, don su kashe masa gafi. Maimakon zuma ta narka mazarƙwaila, sukarin rake mai launin ƙasa. Ta haɗa duka a turmi ta kirɓa har hannunta ya yi kanta. Riɗi kuwa ta wanke shi ta rege yashi, ta soya har ya fara tsalle, ta juye cikin narkakken sukari, ta baza a faranti ta yanka tun da zafinsa. Wannan shi ne kantu. Ta kuma yi dakuwar aya irin wadda ta jawo mata miji.

Rana ta uku ta jera su gaban Goggo Nana. Tsohuwa ta gutsuri nakiyar, ta daɗe tana taunawa.

"Ba ta kai ta man shanu ba."

"Haka ne, Goggo."

"Amma ba za ta ba mu kunya ba." Ta gyara ɗaurin zane. "Wannan ba zai isa gara ba. Miƙo mini taɓarya."

Aka yi biki. Kwana biyu da kai amarya, dangin ango suka aiko tambayar wadda ta yi kantun. Daga nan matan unguwa suka fara leƙowa, kowa da uzurinta. Wata aron rariya ta zo, wata ɗiban wuta, amma sai ka ga sun zauna bakin murhu. Kowane gida a lokacin yana fama da rashin nono da mai. Kulu ba ta ɓoye hannu. In an tambaye ta, sai ta ce a matso a gani.

A farkon shekarar da ta biyo, aka yi ƙarin albashin nan na Udoji, gari ya canza. Babura da rediyoyi suka cika hanya. Ma'aikata suka koma karya kumallo da shayi da burodi da madarar gwangwani, sauran mutane suka bi sahu. Akwai matan da suka daina zuwa wurin Kulu. Wata ma ta ce a gaban mutane, wai abincin fari ne take koyarwa, fari kuwa ya wuce. Maganar ta kai kunnen Kulu, ta yi mata zafi, ta yi kwanaki ba ta fito da turminta tsakar gida ba.

A cikin waɗannan kwanakin ne Virginia ta yi sallama. Matar Cosmas ce, Inyamurin da ke sayar da kayan gyaran mota kusa da tasha. Sun bar Daura lokacin tashin hankali, suka dawo bayan yaƙin basasa. A Arewa aka haife ta, Hausa a bakinta ba gargada. Ta shigo goye da 'yarta Chinyere, mai shekara uku, jikin yarinyar duk ƙuraje, ƙafafunta kamar sillen kara.

"Uwargida, an ce ke za ki taimake ni," in ji ta. "Malamin asibiti ya ce jikinta ba ya son madara, ba ya son ƙwai. Na daina ba ta. To amma ta saba, in na dama koko ba madara sai ta rufe baki. Kwana huɗu ke nan."

Kulu ta dubi yarinyar. "Gyaɗa fa, tana ci ba ta yi mata komai?"

"Tana ci lafiya."

"To zauna, Madam. Sauke ta ta huta."

Ta tace ruwan gyaɗa ta ɗora, ta tsaya a kai tana juyawa don kada ya yi bori ya zube. Ta zuba 'yar shinkafa, ta bari ta dahu luguf, ta kawo ruwan tsamiya kaɗan da sukari. Ba ta miƙa wa yarinyar ba. Ta zuba wa nata 'ya'yan, suka zauna a tabarma suna sha suna santi. Chinyere ta yi ta kallonsu daga jikin uwarta. Can ta zame, ta je ta tsaya kusa da ƙaramin, ta buɗe baki.

Virginia ta sa gefen zane ta share ido.

Kashegari ta dawo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta da fensir. Ta ce ita ba ta yarda da kanta ba, sai ta rubuta.

"Gyaɗa nawa ake sawa?"

"Daidai yadda za ta isa."

"Ruwa fa?"

"Ai hannu ya sani."

Virginia ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce hannunta bai je Babban Mutum ba. Ta koma gida ta ɗauko gwangwanin madara wanda ba komai a ciki, ta ce duk abin da Kulu ta ɗebo da hannu, a fara zuba shi nan kafin ya shiga tukunya. Haka suka gano kunun yara uku yana cin gwangwani biyu na gyaɗa, rabi na shinkafa, takwas na ruwa. Kulu ta yi mamakin yadda hannunta ke ɗebo abu ɗaya kullum ba ta sani ba. Ita ma Virginia ba ta zo hannu rabbana ba. Ta nuna wa Kulu yadda ake goga kwakwa a matse madararta, da yadda ake naɗe alala a ganye da manja ba a sa kifi ba. Cikin wata biyu kumatun Chinyere suka fito.

Sai ga wata jarrabawar. Daminar wannan shekarar, wani ciwo ya faɗa wa gyaɗa. Ganye ya dunƙule ya yi rawaya, aka tona ba 'ya'ya. Daga Daura har ƙauyukan Baure labari ɗaya ne. Kulu ta duba buhunta ta ga ƙasansa. Furar maigida da kunun Chinyere duk a kan gyaɗar nan suka dogara.

Ta faɗa wa Badaru da hantsi, yana shan furarsa.

"Aya fa?" in ji shi. "Ba za ta yi ba?"

"Za ta yi, in an samu mai yawa. Ta kasuwar nan 'yar kwano ce, ta dakuwa."

Ya ajiye ludayi. "Hayin Kongolam, bayan an tsallaka iyaka, akwai garuruwan da suke noma ta kamar gero. Na sha kwana a gidajensu lokacin da nake bin shanu. Har yau in na je ba za su rasa tabarmar da za su shimfiɗa mini ba."

Kulu ta ɗauki ƙwaryar ta koma ciki. Da la'asar ta gan shi ya fito da tsohon takalminsa na tafiya yana shafa masa mai. Cosmas ya haɗa shi da wani direban babbar mota da ke sayen kaya a shagonsa. Bayan kwana shida Badaru ya dawo da buhunan aya da na riɗi, fiye da abin da gida zai ci. Ragowar ya kai kasuwa, kafin azahar ta ƙare. Mako na gaba ya sake komawa. Da haka mai fataucin shanu ya zama mai fataucin aya, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Kunun ayar farko bai yi ba. Kulu ta jiƙa ta kwana guda, ta niƙa da dabino da kwakwa da citta, ta tace, ya yi daɗi ƙwarai. Ta cika tulu tana jiran mata su zo da yamma. Kafin la'asar ya yi tsami yana kumfa, sai zubarwa aka yi. Daga ranar ta san halinsa: a yi shi da sassafe, a tsoma kwanon cikin randa, a shanye kafin rana ta take. Ta sa Virginia ta rubuta wannan ma, ta ja masa layi.

Ni a shekarar da ta biyo aka kawo ni. A gidanmu ni ce mace ɗaya cikin maza, na yi makaranta, amma ban iya ƙosai ba. Sati na biyu na ce zan burge maigida. Na zuba ƙullu a mai, ya baje kamar waina, ya shanye man kaf. Ina tsugune ina hawaye sai na ji murya ta kan katanga.

"Amarya, tun ɗazu nake saurare, ban ji kin buga ƙullun nan ba."

Kafin in amsa ta zagayo. Ta karɓi ƙwaryar, ta ɗanɗana.

"Kin sa gishiri da wuri, kin kuma cika ruwa. Waye ya ce miki a sa ƙwai?"

"A makaranta aka ce yana sa shi tashi."

"Wake ba ya neman taimakon kaza. Kawo wani."

Muka surfa wani waken, muka wanke, aka kai inji da albasa da attarugu. Ta ba ni muciya ta ce in buga ta gefe ɗaya, kada in canza hannu. Na buga har kafaɗata ta yi tsami. Ta ɗiga ƙullun a kofin ruwa, ya taso sama ya tsaya.

"Kin gani? In ya nutse, da saura. Yanzu sa gishiri a ɗan wanda za ki soya kaɗai."

Ƙosan ya tashi ɓul-ɓul, ciki kamar auduga. Maigidana ya ci goma sha ɗaya, bai san da hannun maƙwabciya a ciki ba sai bayan shekara.

A lokacin mata sun dawo gidan Kulu, har da mai maganar abincin fari, wadda yaranta suka gaji da burodi. Ranar Alhamis da hantsi ake haɗuwa. Littafin Virginia ya yi baƙi da mai, ya sha yawo gida-gida. Matan da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci suna kwafarsa don koyon rubutu, ni ma na kwafe wa mutum biyar. Kulu kanta ba ta karanta ko harafi. In an karanto mata wani wuri, sai ta ce, "Wa ya faɗi haka? Ni? To na ƙara citta tun daga lokacin."

Da abubuwa suka daidaita, Badaru ya sayi shanu biyu, nono ya dawo gidan. Goggo Nana ta koma man shanunta, Kulu kuwa tana zuba mata a tuwo. Sai dai ranar Alhamis tsohuwar ce ke zama bakin ƙofa tana tsince riɗi, tana gaya wa baƙi cewa Kulu surukarta ce.

Wata rana wata malama daga ofishin ƙaramar hukuma, mai kula da ajin mata, ta zo da kwafin littafin a hannu. Ta ce an gina sabon ɗakin koyar da mata sana'a, tana so Kulu ta zo ta koyar da karin kumallo da kayan zaƙi. Kulu ta ƙi. Ta ce ita ba ta taɓa shiga aji ba, me za ta ce wa masu takarda? Badaru ne ya ce ta je, shi zai kai ta har ƙofa. Ni da Virginia muka raka ta.

Mata kusan talatin ne zaune a benci. An ajiye tebur da allo da alli. Malamar ta gabatar da ita, aka yi tsit. Kulu ta tsaya gaban allon, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Wata a baya ta fara dariya ƙasa-ƙasa.

Sai Kulu ta juya wurin malamar.

"Malama, ni ban iya magana hannuna ba komai ba. Babu turmi a gidan nan?"

Aka aika maƙwabta aka aro. Ta sa aka jawo bencunan gefe, aka shimfiɗa tabarmi, ta zuba soyayyiyar aya a turmi. Da taɓarya ta sauka sau uku, muryarta ta dawo. Ta kira mai dariyar nan ta miƙa mata taɓaryar, ta ce ta daka har sai ta ga mai ya fara fitowa, ita kuma ta shiga bayanin yadda ake gane ayar bana da ta bara. An ce awa ɗaya za a yi. Sai da aka kira azahar muka fito, kowace mace da dunƙulen dakuwa a ƙullin mayafi.

A hanyar gida tana gabanmu kamar kullum, muna haki muna bin ta. Wajen rijiyar Kusugu ta tsaya cak gaban wata mai tallan magarya, ta ɗauki ɗaya ta tauna, tana tunanin abin da za a iya haɗawa da ita.

"Madam," ta ce da Virginia, "akwai sauran fili a littafin nan naki?"

"Shafi biyu suka rage."

"To sai ki nemo sabo. Ke kuma Maijidda," ta juyo wurina, "karɓar mana kwano ɗaya, ki zaɓi jajayen."